Rodin da Ban Binne Ba

Ruwan farko na bana ya sauka mana a Karmo, nan Abuja, ranar wata Talata bayan la'asar, kuma kamar kowace shekara, kafin ya yi minti goma rariyar tsakar gidanmu ta toshe. Ledoji, ƙwallon mangwaro, silifas ɗin Amira guda ɗaya da muka yi wata muna nema, duk suka taru a wuri ɗaya. Matata Hadiza ta kwashe shanya a guje, ta leƙa bayan ƙofar kicin ta ɗauko sandar da take zungurar rariya da ita. Rodi ne na jan ƙarfe, tsawonsa ƙafa huɗu, kaurinsa bai wuce babban yatsa ba. Kansa ɗaya ya tauye da dukan guduma, ɗayan kuma a yanke yake, har yau da sawun zarto.

"Baban Amira," ta ce tana zungura, ruwa na dukan bayanta, "wallahi duk kayan aikinka babu wanda ya kai wannan ƙarfen amfani a gidan nan."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba, domin a daidai lokacin aka saki tsawa ta wajen Gwagwa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Hadiza ba ta san daga ina rodin nan ya fito ba, ta ɗauka ragowar aiki ne na tsinto mata.

Sana'ata haɗa intanet ce ta iska. Muna kafa ƙarfe mai tsawo, mu ɗaura rediyo a samansa, ya riƙa magana da wani rediyon a wani ƙarfen mai nisa. Kamfaninmu ƙarami ne, ofis ɗaki uku a saman wani bene a Utako, maigidanmu kuma kowa Injiniya yake ce masa. Babban abokin gabar wannan sana'a tsawa ce. Shi ya sa kusa da kowane rediyo ake ɗaura wata 'yar na'ura da muke kira aresta, a ja mata waya mai kauri har ƙasa, a haɗa da rodin jan ƙarfe mai ƙafa shida wanda aka binne duka. Aresta ba ta shanye tsawa, hanya kawai take nuna mata. Idan rodin ya kai inda ƙasa take da danshi, wutar ta bi ta nan ta tafi abinta. Idan bai kai ba, sai ta dawo ta nemi wata hanyar, kuma ba ta tambayar kowa.

Wanda ya koya min wannan Bitrus ne, mutumin Filato, wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Shi ne mahayin kamfaninmu. Gajere ne, siriri, amma in ya ɗaura ɗamarar hawa ya kama ƙarfe sai ka rantse a can aka haife shi. Ni kuwa mutumin ƙasa ne. Ko tsani mai hawa goma na taka, sai in fara neman hanyar sauka. A sana'armu babu takardar shaida da ake dubawa, suna ne kawai. In aka ce wane ne ya ɗaure, shi ke nan, kowa ya kwanta da hankalinsa. Sunan Bitrus haka yake daga Kubwa har Kwali.

A shekarar da nake tunawa, azumi ya faɗo a wutsiyar bazara, ruwa kuma ya yi jinkiri. Ni ɗan Zariya ne, na san zafi, amma na Abuja a wannan lokacin daban yake. Ba ƙona fata yake yi ba, dafa mutum yake a cikin rigarsa. Tun hantsi gumi yake tsattsafowa, ba iska, ganyen bishiya ko motsi. Kullum da yamma hadari zai haɗu baƙi ƙirin ta gabas, mu ɗaga kai muna murna, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari zafin ya ninka na jiya. Wuta sai ta yi kwana uku ba a kawo ba. Masu turo kurar ruwa suka zama sarakai, sai ka bi su da lallashi. Hadiza ta riƙa jiƙa zani tana ratayawa a taga don Amira, wadda ƙurajen zafi suka feso wa a wuya. Ƙanƙara kuwa, wanda ya samu ƙulli ɗaya kafin magariba, ranar shi ne attajirin layin.

A cikin wannan halin Injiniya ya tura mu Sheda, ni da Bitrus. Wata mata ce ta buɗe wurin koyar da kwamfuta a bayan gari, aka kafa mata ƙarfe a kan wani ɗan tudu, saura ɗaura kaya da binne rodi. Da na idar da sallar asuba sai in fita bakin titi, Bitrus ya ɗauke ni a tsohuwar a-kori-kurar kamfani. Mu wuce Gwagwalada rana tana fitowa, mu isa tana fara cizo.

Gefen tudun gonar wani dattijo ce Bagbagyi, muna ce masa Baba mai doya. Ya riga ya tara kunyoyinsa, ya dasa, ya ɗora wa kowace hular busasshiyar ciyawa don kada rana ta dafa irin. Kullum yana zaune a gindin wata ɗorawa yana kallon gabas. Ranar farko ya taso ya zagaya ƙarfenmu, ya girgiza kai.

"Yarana, wannan tudu yana kiran tsawa. Bishiya biyu ya ci a nan, ina gani da idona."

"Baba, shi ya sa muka zo da maganinsa," in ji Bitrus, ya ɗaga rodin yana nuna masa. "Wannan zai sha shi."

Daga nan ya juyo ya raba mana aiki. A ƙa'ida ni ne zan riƙa tura masa kaya da igiya, in kuma hau zuwa rabi in ɗaɗɗaure waya, sannan mu haɗu mu yi ramin tare. Amma ya dube ni, leɓena ya bushe tun ƙarfe tara.

"Malam Kabiru, abeg zauna ƙasa. Mai azumi ba ya hawa. In jiri ya kwashe ka, ni zan je in yi wa madam ɗinka bayani? Sama duka nawa ne. Kai ka yi rami kawai, a hankali, ga inuwa."

Na yi ɗan musun da ake yi don kunya, amma a raina daɗi na ji. Ya ɗauki aikin mutum biyu a kan ƙarfen da in ka taɓa shi da rana sai ka yarfe hannu. Yakan rataya gorar ruwa a ɗamararsa, kuma ban taɓa ganin ya sha a gabana ba. Sai ya kai can ƙoli, ya juya min baya, sannan ya kurɓa.

Kafin ya hau ya ƙara da cewa, "Rodin ya shige duka fa, ƙafa shida. Sai ya taɓa sanyi. In dutse ya tare ka, canja wuri, ka sake tono. Tsawa ba ya tsayawa gaisuwa."

Na ce, "Oga Bitrus, yau na fara?"

Na fara tono da diga. Taƙi biyu na farko jar ƙasa ce busasshiya, tana tashi kamar gari. Daga nan na tarar da marmara. In na sara sai digar ta yi ƙara ta dawo, girgizar ta bi hannuna har haƙori. Dabarar da aka sani ita ce a zuba ruwa a bar shi ya kwana, amma ruwan fa? Famfon unguwar ya ƙafe. Matar Baba da 'ya'yanta mata daga wani rafi mai nisa suke ɗaukowa, a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya, kuma tun safe sau biyu kawai suke iya zuwa. Na roƙa suka kawo min jarka biyu. Na tuttula a ramin, ina ji yana sauka ƙul-ƙul, maƙogwarona yana motsi shi kaɗai. Ban taɓa jin ƙyashin ƙasa ba sai ranar.

Kwana biyu ina wannan fama, ramin bai wuce gwiwata ba. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. In na koma gida, Hadiza ta ajiye min kunun tsamiya da ƙosai, sai in sha ruwa kofi huɗu in kasa cin komai. Ta riƙa shafa min man kaɗanya a hannu tana min sannu, tana cewa ladana biyu, na azumi da na neman halal.

Rana ta uku na kafa rodin a tsakiyar ramin na hau duka da babbar guduma. Ya shiga ƙafa ɗaya, ya shiga ta biyu da ƙyar, sai ya tsaya cak. Na doka har kansa ya fara tauyewa, ko gashi bai ƙara ba. Azahar ta wuce. Inuwar ɗorawa ta gudu ta bar ni. Idona yana ganin wasu taurari, kunnena yana ƙara. Na san abin da ya kamata: in zare shi, in matsa gaba, in fara sabon rami. Wato wasu kwana uku, wasu jarkoki, wata marmarar. Ko kuma in ɗaga murya in ce, Oga Bitrus, na gaza, sauko ka taimake ni. Da ya sauko, na san shi. Amma mutumin da ya riga ya ɗauke min sama, in ce ƙasan ma ta fi ƙarfina? Girman kai ya hana ni.

Akwai wata dabara da na sha ji a bakin masu irin aikinmu in ana hira a Utako, ana faɗa ana dariya. Su ce a yi wa rami wanka. Na ɗaga kai. Bitrus yana can ƙoli, ya zama ɗan mitsitsi, kamar ya ba ni baya. Baba ya tafi gida. Na buɗe jaka na ɗauko zarto.

Ban fi minti biyar ba. Na yanke rodin daidai inda ya fito daga dutsen, na bar ɗan abin da zan ɗaura waya. Na bubbuga sabon kan da guduma har ya tauye, don ya yi kama da wanda ya sha duka. Ƙafa huɗun da na cire na naɗe a buhun gawayi na tura ƙarƙashin kujerar mota. Sannan na juye gawayi da gishiri a ramin, fiye da yadda ake sawa, na mayar da ƙasa. Washegari da sassafe, kafin Injiniya ya iso gwaji, na sa aka kawo jarka huɗu na shayar da wurin har ya yi laushi. Gishiri da ruwa suna ruɗin mitar da ake gwada aikin rodi da ita. Muddin ramin yana jiƙe, za ta nuna maka lafiya lau, ko da ƙusa ka binne.

Na gaya wa kaina cewa bayan sallah zan dawo in gyara. Na gaya wa kaina Allah ya ga halin da nake ciki. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan ya san yadda zuciya take iya wa'azi in tana son abu.

Injiniya ya zo wajen goma a motarsa mai sanyi. Mutum ne mai tsantseni, ba ya sa hannu a aiki sai ya gwada da kansa. Ya kafa ƙusoshin mitarsa, ya danna, ya duba, ya sake dannawa. Sai ya miƙe ya dafa kafaɗata.

"Kabiru, a cikin wannan dutsen? Da azumi a bakinka? Kai, ka yi ƙoƙari. Bitrus, ka ga aikin ɗalibinka?"

Bitrus yana kwance ɗamararsa. Ya ce, "Na gani, oga." Bai ɗago ba. Ni kuwa na yi murmushi, har da cewa ai yi wa kai ne.

Kwana goma sha biyu suka biyo baya babu ko ɗigo. Rana ta zuƙe ruwan da na zuba, ramin ya koma yadda na same shi. Ina sane, domin kullum in hadari ya haɗu sai in daina jin yunwa. Mutane suna roƙon ruwa a masallaci, ina cewa amin da baki, zuciyata tana cewa a dai jinkirta har bayan sallah. Manoma suna kallon irinsu yana mutuwa a ƙasa, ni ina fatan fari saboda ƙafa huɗu na ƙarfe.

Saura kwana uku sallah ruwan ya zo. Wanda ya san ruwan farko na Abuja ya san ba ruwan ne yake fara isowa ba. Iska ce, mai kwashe rufin kwano, sai walƙiya, sai tsawa a kan busasshiyar ƙasa, sannan daga baya ruwan. Baba ya ba ni labari da bakinsa. Ya ce wajen la'asar yana tattara kajinsa sai ya ga wuta fara fat ta sauko a kan ƙarfen, ƙarar ta zaunar da shi a ƙasa. Ko ɗigo ɗaya bai faɗo ba tukuna. Wutar ta nemi hanya a ramina ba ta samu ba, ta bi waya ta shiga ɗakin karatu. Rediyo ya ƙone, na'urar da take raba intanet ta narke, kwamfutoci da yawa suka mutu. Allah ya rufa asiri matar ta sallami ɗalibanta da ta ga hadari. Har yau ina tuna kujerun nan da babu kowa a kansu.

Bayan haka aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya yi sanyi, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina, yara suna tsalle a layi. Hadiza ta tara duk wani bokiti da roba da muke da su, tana ta hamdala.

Da safe muka tafi Sheda mu uku a mota ɗaya, ni da Bitrus da Injiniya. Manoma sun cika gonaki, matar Baba tana ɗaga mana hannu da fara'a. Injiniya ya fara da ƙasa, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Ya kafa mitarsa a ramina. Ramin ya sha ruwan dare ɗaya cur, gishirina ya farka. Mita ta nuna lafiya lau.

"Ƙasa ba ta da laifi," ya ce. "Bitrus, hau ka sauko min da arestar."

Ya hau, ya sauko da ita a hannu, baƙa ƙirin. Wayar da take tafiya ƙasa ta fita daga mazauninta, ƙarfin wutar ne ya fincike ta. Da wani ne, da ya mayar ya ɗaure tun a sama kafin ya sauko, babu mai sani. Shi ya kawo ta yadda ya same ta.

Injiniya ya jujjuya ta. "Ba ka ɗaure ba."

"Oga, na ɗaure. Shekara goma sha biyar ina ɗaure wannan abu."

"To me ya faru? Ga mita, ka gani da idonka. In ƙasa lafiya, sama ce. Ko aljani ne ya kwance?"

Bitrus ya juyo ya dube ni. Na sunkuya ina naɗe wayar mita kamar an aiko ni duniya don in naɗe ta. Injiniya ya ci gaba da faɗa, yana cewa an zubar masa da mutunci a gaban matar mutane. Bitrus ya sake dubana. Da muka koma Utako, a ofis, Injiniya ya ce wa Bitrus ya ajiye ɗamara da makullin mota. Ya ajiye su a kan tebur a hankali, ya dube ni na uku, ya fita. Ina tsaye a jikin bango, da azumi a bakina, ban ce uffan ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A namu ba haka aka yi ba. Ni na ja, Bitrus ya doka.

Abuja babba ce, amma masu hawa ƙarfe ba su da yawa, kowa ya san kowa. Kafin a sauko daga idi labari ya zaga cewa Bitrus ya ƙona wurin mutane, hannunsa ya fara sanyi. Ba wanda ya sake kiransa. Ranar sallah Hadiza ta zuba masa tuwo da miyar taushe da naman kaza kamar yadda ta saba duk shekara, ta aika. Kwanon ya dawo cike da acca, da saƙon a gaida Malam Kabiru. Ta dafa mana ita da safe. Na ce cikina ba daɗi.

Ni aka ba shugabancin masu fita aiki. Da aka sake ɗaura kaya a Sheda, ƙasa ta riga ta yi laushi, na tona sabon rami, na binne rodi biyu cikakku, na ce wa Injiniya ƙarin kariya ce saboda tudun. Ya yaba da hangen nesana. Tun daga ranar ban sake yanke ko taƙi ɗaya ba. Yanzu ma abin ya yi sauƙi, muna da injin fasa dutse, muna zuwa da tankin ruwanmu a mota, azumi kuma ya ja baya ya bar tsakiyar zafin. Ni ne mai tsayawa a kan sababbin ma'aikata ina cewa ƙafa shida, sai ya taɓa sanyi. Suna ce min mai tsanani. Ba su san bakin wa nake ara ba.

Na ji an ce Bitrus ya buɗe 'yar rumfa a tashar Jabi yana gyaran fitilun sola da cajin waya. Daga ofishinmu zuwa can ko a ƙafa ba nisa. Shekarun nan duka, in aiki ya biyo da ni ta wajen, sai in zaga ta wata hanyar.

Ranar Talatar nan da Hadiza ta gama da rariya, ta jingine rodin a bango, ruwa ya wanke shi, sawun zarton ya fito fes. Amira, wadda yanzu take aji uku, ta tambaye ni wa ya karya shi. Na buɗe baki in ce haka na tsince shi, sai na ji na gaji. Washegari na naɗe shi a buhu na fita da shi. Hadiza ta biyo ni ƙofa tana cewa in dai dawo mata da abinta.

Na same shi a bayan layin motocin Kaduna, a ƙarƙashin wata lema, yana ƙona dalma a kan wata fitila. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa a gemu. Da ya gan ni sai ya ajiye abin hannunsa.

"A'a! Malam Kabiru! Yau hanya ya ɓace maka? Yaya madam? Yaya Amira, ta girma ko?"

Ya jawo min benci, ya aika a kawo min lemo. Na kasa zama. Na kwance buhun na ɗora rodin a kan teburinsa, a tsakanin wayoyin mutane. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu.

"Oga Bitrus, na Sheda ne. Ban binne shi duka ba. Yanke shi na yi."

Ya dube shi, bai taɓa ba. Ya ce, "Ƙafa huɗu. Ka sa a buhun gawayi, ka tura ƙarƙashin kujera."

Sai a lokacin na zauna a kan bencin.

"Kai ba ka taɓa hawa har ƙoli ba, shi ya sa," ya ce. "Daga ƙasa kana gani na ƙarami, sai ka ɗauka ni ma ba na ganinka. Daga can sama, kaza in yana tono a gonar Baba ina gani. Har ƙarar zarto na ji."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya goge hannunsa da tsumma. "Ranar da ka yanke, na ce mutumin nan ya wahala, bari sallah ya wuce mu dawo mu gyara tare, ba sai na kunyata shi ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Ranar da oga yana faɗa kuma, in na ce kai ne, ga mita ya ce ba kai ba. Zai zama Bitrus yana neman wanda zai jefa wa kaya. Kai kaɗai ne za ka faɗa a yarda. Na ba ka hanya sau uku."

Masu lodi suna ta kiran Kaduna, Kaduna, saura mutum ɗaya. Na ce ya yafe min. Na ce zan yi magana a mayar da shi aiki, a ba shi matsayina ma. Ya yi dariya, ya shafa tumbinsa.

"Hawa kuma? Ƙafana ya manta ƙarfe, Malam. Wannan ya wuce. Yafiya kuwa, na yafe tun tuni, ba don kai ba, don in samu barci." Sai dariyar ta ɗauke. "Amma babban ɗana ya so ya koyi hawa. Ya je wurin wasu a Kubwa, suka tambaye shi sunan babansa. Da ya faɗa, suka ce, wanda ya ƙona Sheda? Ya dawo gida bai ci abinci ba. Har yau bai tambaye ni ba, ni ma ban ce masa komai ba."

Ya sa yatsa ɗaya ya turo rodin zuwa gefena.

"Ɗauki kayanka. Ba ni ne ban sani ba."

Na naɗe shi na fito. Ban hau mota ba, na taka a ƙafa daga Jabi zuwa Utako, buhun a kafaɗata, hadari yana sake haɗuwa ta gabas. A hanya zuciyata ta fara wa'azinta na da: ga Amira a makaranta, ga haya, ga shekaru sun wuce, bari a bari sai Litinin. Na san muryar, ita ce ta miƙo min zarto.

Injiniya yana ofis shi kaɗai, da tabarau a hanci, yana duba wani zane. Na yi sallama, na zare rodin daga buhu na ajiye a kan teburin, daidai inda Bitrus ya ajiye ɗamararsa. Ya ɗauka, ya duba kan da ya tauye, ya juya ya shafa sawun zarton da babban yatsa.

"Wannan fa? Wane sakaran ne ya yanke rodi? Na wane aikin ne?"

Na ce, "Na Sheda ne, ranka ya daɗe. Bitrus ya ɗaure arestarsa. Ni na yanke."